Matsayin Mai Zane a Littattafan Yara na Hausa: Tsokaci Daga Ƙasar Zamfara

A ƙasashen da sana'ar ɗab'i ta daɗe da kafuwa akwai wata al'ada da akan yi gabanin taron masu littattafan yara, watau a fitar da taƙaitaccen tarihin kowane baƙo, marubuci ne ko mai zane, domin malamai da iyaye da su kansu yaran su san mutanen da za su yi ido huɗu da su. A wajen wannan gabatarwa ba a fifita mai alƙalami a kan mai zane. A babbar kasuwar littattafan yara ta birnin Bolonya a ƙasar Italiya, wadda aka fara ci a 1964, tun 1967 aka keɓe wa masu zane nasu zauren nuni. Haka kuma lambar girma ta Hans Christian Andersen, wadda aka soma bai wa marubuta a 1956, daga 1966 sai aka mai da ita biyu, ɗaya ta marubuci, ɗaya ta mai zane. Ko a nan Afirka, Meshack Asare na ƙasar Gana, wanda ya ci lambar Noma a 1982 da wani littafin yara, an san shi ne da rubutu da zane gaba ɗaya.

To, a ƙaddara Sashen Harsuna da Al'adu na Jami'ar Tarayya ta Gusau ya kira irin wannan taro, ya gayyato malaman firamare daga cikin gari da Tsafe da Bungudu, sa'an nan aka ɗora wa wani ɗalibin babban digiri aikin tsara takardar gabatar da waɗanda suka yi wa yaran Hausawa littafi, rayayyu da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Gefen marubuta ba zai ba shi wahala ba, domin da zarar ya buɗe Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda aka buga a 1988, ya sami tushe. Amma in ya juya gefen masu zane, alƙalaminsa zai tsaya bayan suna ɗaya ko biyu. Wannan maƙala a kan wannan giɓi take magana. Abin da take son tabbatarwa shi ne, a littafin ƙaramin yaro mai zane abokin talifi ne, ba mai ado ba ne, kuma muddin masu nazarin adabin Hausa ba su san shi ba, rabin littafin kawai suke yi wa tarke.

Marubutan da Aka Sani

Tarihin wannan fanni sananne ne, don haka ba sai an daɗe a kansa ba. Daga Hukumar Fassara ta 1929, wadda ta koma Hukumar Talifi a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, zuwa Kamfanin Gaskiya na 1945, da Hukumar NORLA ta shekarun 1950, da Kamfanin NNPC na 1966, Zariya ce matattarar littattafan da yaron Arewa ya karanta. Daga can aka sami Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, da Magana Jari Ce na Abubakar Imam wanda ya fito kashi uku tsakanin 1937 da 1939, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fito da Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi shida, daga madaba'ar Oxford. A wannan ƙarni kuwa Bukar Usman ya tara tatsuniyoyi cikin ƙananan littattafai goma sha huɗu, waɗanda daga baya aka haɗe su a Taskar Tatsuniyoyi.

Ƙasar Zamfara tana da nata kaso a wannan jeri, ko da yake ba a cika faɗa wa yaranta haka ba. Abubakar Tunau, mutumin Mafara, shi ne mawallafin Wasan Marafa da aka buga a 1949, kuma shi ya mai da Yawon Duniyar Haji Baba cikin Hausa. Sa'idu Muhammad Gusau kuwa, baya ga aikin da ya shahara da shi na waƙar baka, ya tattara tatsuniyoyi da wasannin yara ya nazarce su, kamar yadda ake gani a Tatsuniya a Rubuce.

Sai dai akwai abin lura. Galibin littattafan farko ba don yaro a matsayinsa na yaro aka rubuta su ba, don ɗalibi aka rubuta su, watau yaron da ke zaune a kan benci, malami na tsaye a kansa. Wasan Marafa misali ne mai kyau. Darasin tsabta da kiwon lafiya ne aka ɗinka wa rigar wasan kwaikwayo, kuma muryar malamin makaranta ba ta ɓoyu a cikinsa ba. Wannan bai rage masa daraja ba a matsayinsa na ɗaya daga cikin rubutattun wasanni na farko da Bahaushe ya yi da hannunsa, amma ya nuna inda hankalin masu ɗab'i ya karkata. Ko Magana Jari Ce, wanda ya fi ƙarfin aji har ya shiga zaure da tsakar gida, Hausarsa ta yaron da ya riga ya iya karatu ce. Yahaya ne ya juya akalar, domin shi abin da yaro ya riga ya mallaka a dandali da ɗakin kakarsa ya ɗauko, ya mayar masa a takarda.

Hannun da Ba a Ambata

Duk wanda ya yi firamare da waɗannan littattafai, in aka ambaci aku da ɗan sarki Musa, ko Kalala da Kalalatu, ba jimla ce take fara faɗo masa a rai ba, hoto ne, irin zanen nan na baƙi da fari. Amma tambaye shi wa ya zana, sai ya yi shiru. Sunan da masu bincike suka fi riƙewa daga zamanin Gaskiya shi ne na Jacqueline de Naeyer, wata mai zane 'yar ƙasar Beljiyam da ta yi wa littattafan kamfanin zane, wadda kuma ta zama matar East. Ita ɗin ma, a rubuce-rubucen Hausa an fi ambaton ta a gefen tarihin mijinta, ba a matsayin wadda ta sa hannu wajen gina tunanin dubban yara game da kamannin sarki da waziri da ɓarawo ba.

Wani abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci shi ne, ba masu zane aka rasa a Zariya ba. A 1958, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane wadda ta sauya fasalin wannan fasaha a Nijeriya baki ɗaya. A cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya yi zanen cikin Things Fall Apart na Chinua Achebe, da Bruce Onobrakpeya, wanda a 1962 ya yi zanen An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi. Wannan littafi na biyu kuwa, kamar yadda Neil Skinner ya nuna a 1973, labarinsa da na Jiki Magayi na John Tafida da East kusan abu guda ne. Ke nan labarin da aka haifa da Hausa a Zariya, da ya shiga Ingilishi sai ya sami mai zane mai suna, wanda shi ma a Zariya ya yi karatu, ana kuma ambatonsa duk inda aka ambaci littafin. Tsakanin Samaru da Tudun Wada ba wata tafiya ba ce, amma waɗannan gidaje biyu ba su ƙulla zumuncin da zai haifar wa littafin Hausa gidan masu zane nasa na kansa ba.

Akan ji waɗansu na cewa ɓoye suna ɗabi'ar Bahaushe ce, wai kunya da kawaici ne suka hana mai fasaha bayyana kansa. Wannan hujja ba ta da ƙafa. A al'adar rubutun ajami da Larabci, irin wadda garuruwan malamai kamar 'Yandoto ta ƙasar Tsafe suka yi suna da ita, mai kwafar littafi yakan rubuta sunansa a ƙarshe ya roƙi addu'ar mai karatu, mawaƙi kuma yakan saka sunansa a baitocin rufewa, har ya ƙulla shekarar da ramzi. A fagen waƙar baka abin ya fi haka fitowa fili. Mutumin Tsafe da ya san waƙar da Musa Ɗanƙwairo ya yi wa 'Yandoto, in mai bin kiɗa ne, ya san cewa Ɗanƙwairo ya yi zaman Daudun Kiɗi a ƙungiyar wansa Kurna kafin ya tsaya da kansa. Mawaƙa sukan kira makaɗansu da 'yan amshinsu da suna a tsakiyar waƙa, manazarta kuma sun cika kundaye da waɗannan sunaye. Al'ummar da ta san mai riƙe da kotso ba za a ce al'adarta ce ta hana ta sanin mai riƙe da fensir ba. Bayanin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, madaba'a ta ɗauki mai zane a matsayin ma'aikaci, kamar mai jera haruffa ko mai ɗinke littafi, masu tarke kuma suka gaji wannan kallo ba tare da sun tuhume shi ba. Shaidar haka ita ce, inda aka bar mai zane ya sa hannu, nan da nan akan san shi. Mustapha Bulama ya yi suna ne domin kowane zanen barkwancinsa a jaridar Daily Trust yana ɗauke da sunansa.

Wa Ya Ga Gizo?

A wajen tatsuniya ne nauyin mai zane ya fi bayyana, kuma a nan ya kamata a ɗan dakata.

Lokacin da tsohuwa take ba da tatsuniya da dare, ba ta taɓa tsayawa ta siffanta Gizo ba. Yaro yana jin yana noma, yana zuwa fada, yana auren Ƙoƙi, yana maganarsa ta tsamin baki, sa'an nan in rana ta ɓaci ya haye rufin ɗaki ya maƙale. Shin ƙwaro ne mai ƙafa takwas, ko kuwa ɗan ƙaramin mutum ne mai wayo? Tatsuniya ba ta yanke hukunci ba, kuma wani ɓangare na daɗinta a nan yake, domin Gizo yana shiga wannan siffa ya fita ya shiga waccan yadda labari ya bukata. Marubucin da ya mai da tatsuniyar a takarda shi ma yana iya kauce wa tambayar, ya rubuta Gizo ya wuce. Mai zane kaɗai ne ba shi da mafita. Tilas ya zaɓa: ko ya yi tautau tsurarsa, ko ya yi mutum da hula da 'yar shara, ko ya gwama su, kan mutum a jikin ƙwaro. Kowane zaɓi fassara ce ta tatsuniyar. In ya yi ƙwaro, ya mai da labarin na dabbobi, yaro ya tsaya daga nesa yana dariya. In ya yi mutum, ya matso da zambar Gizo cikin gari, ta zama halin maƙwabci ko na ɗan'uwa, darasin ya ƙara kaifi, wani lokaci har ya fi ƙarfin ɗan shekara shida.

Haka abin yake ga Dodo, wanda ba wanda ya taɓa ganin sa. A bakin mai tatsuniya girman Dodo daidai yake da girman tsoron kowane yaro. Da zarar an zana shi, an yi masa iyaka. In mai zane ya ari ƙaho da wutsiya daga hotunan littattafan Turai, ya shigo da baƙon dodo ke nan cikin gida, kuma shi yaran za su riƙe har su girma. Ta-Kitse fa, yarinyar da ta samu daga kitsen sa, wadda rana ke narkarwa? Wanda ya zana ta tana tsaka da narkewa ya yi littafin ban tsoro, wanda ya zana tsohuwa kawai tana kuka a bakin ƙofa ya yi littafin ban tausayi, alhali kuwa kalmomin da ke ƙarƙashin hotunan ba su sauya ba ko ɗaya.

Tauraruwa Mai Wutsiya ya kawo irin wannan matsala ta wata fuska. Umaru Dembo ya ɗauki yaro, Kilba, ya haɗa shi da Kolin Koliyo suka yi sama, a shekarar da mutum ya fara taka wata. A nan babu ma tatsuniyar da yaro zai jingina da ita. Duk abin da ɗan Bungudu na wancan zamani ya ɗauka shi ne kamannin baƙon sararin sama, daga hannun mai zane ya same shi. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan jigo da zubi da salon wannan littafi a jami'o'i, amma tsarin nazarin da aka saba koyarwa, na jigo da warwararsa da zubi da tsari da salo da taurari, ba shi da gurbin da za a ajiye hoto. Ɗalibi yakan tsallake shafin zane kamar yadda yake tsallake farin shafi.

Halin da Ake Ciki a Zamfara

Mai karatu na iya cewa wannan duk zancen jiya ne. Ba haka ba ne, domin a 'yan shekarun nan aka yi wa ƙananan yara rubutun Hausa mai yawan da ba a saba gani ba. Gwaje-gwajen karatu da aka yi a jihohin Sakkwato da Bauchi a farkon shekarun 2010 sun nuna mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. Wannan ya jawo shirye-shirye na musamman. A 2015 aka fara shirin RANA a jihohin Katsina da Zamfara, ƙarƙashin asusun UNICEF da kuɗin gwamnatin Ingila, ƙungiyar FHI 360 kuma tana gudanarwa, domin koyar da karatu da lissafi da Hausa a azuzuwan farko. A Sakkwato da Bauchi kuma aka yi littattafan Mu Karanta da tallafin Amurka. An tara malamai da masana Hausa a tarurrukan bita, an rubuta gajerun labarai, an yi musu zane.

Ba a musun amfanin wannan aiki. Amma ta fuskar adabi yana da siffofi biyu da suka shafi batun da ake kai. Ta farko, littafin koyon karatu na makonnin farko an ƙayyade wa marubucinsa haruffan da zai yi aiki da su, watau waɗanda aka riga aka koya wa yaro. Mutumin da aka ba haruffa huɗu ko biyar ba zai iya gina labari ba, sai dai ya yi nuni. Saboda haka labarin yakan koma cikin hoto kacokan: hoto ne ke faɗin inda ake, da wanda ya yi fushi, da abin da ya faɗi ya fashe. A irin wannan littafi mai zane ne babban mawallafi. Ta biyu, abin da ke fitowa ɓaro-ɓaro a bangon irin waɗannan littattafai tambarin hukumomi ne, sunayen waɗanda suka yi aikin kuwa, in an sa su, sai a ciki cikin ƙananan haruffa. Littattafan ba na sayarwa ba ne, don haka ba kasuwar da za ta sa a nemi wani marubuci ko wani mai zane da sunansa. In wa'adin shiri ya cika, kowa ya koma inda ya fito. Ta wannan fuska an koma gidan jiya, zamanin da hukuma ce mawallafiya.

Akwai kuma rumbunan littattafai na intanet, irin African Storybook da aka buɗe daga Afirka ta Kudu a 2014, inda ake fassara labari daga harshe zuwa harshe a bar hotunan yadda suke. Ya kamata a yaba musu da abu guda, kowane littafi yana ɗauke da sunan marubuci da mai zane da mai fassara. Sai dai hoton da aka zana don yaron Yuganda ko Kenya, in aka rubuta Hausa a ƙarƙashinsa, Hausar ce kawai ta zo gida. Ɗaki da shanu da suturar mata da tukunyar girki duk na can ne. Ba laifi ba ne yaro ya ga duniyar wasu, hasali ma ana so. Laifin shi ne ya kasance bai taɓa buɗe littafi ya ga rumbun ƙasa irin na gidansu ba, ko raƙumi da kaya a hanyar kasuwa, ko Dutsen Kwatarkwashi da yake gani duk lokacin da aka bi da shi tsakanin Tsafe da Gusau, har ya ɗauka cewa abin da ya cancanci shiga littafi a wani wuri yake.

Ga yaron Zamfara akwai ƙarin dalili. Hausar littafi daidaitacciya ce, shi kuwa da Zamfarci ya tashi. Yana cewa lahiya, littafi ya ce lafiya. Yana cewa yaz zo, littafi ya ce ya zo. Yana cewa wanga, littafi ya ce wannan. Tazarar ba mai yawa ba ce ga babba, amma ga mai haɗa baƙi da wasali a karon farko, kowace kalma da ta saɓa wa kunnensa tuntuɓe ce. Hoton da ya gane shi ne ke tabbatar masa cewa abin da ya karanta shi ne abin da ya sani. In hoton ma baƙo ne, an haɗa masa baƙi biyu a shafi ɗaya.

Sa'an nan ga halin tsaro. A watan Fabrairu na 2021 aka sace 'yan mata daga makarantar Jangeɓe, a watan Satumba na wannan shekara kuma, bayan wani harin a ƙasar Maradun, gwamnatin jiha ta rufe makarantu. A irin wannan lokaci littafin da aka tsara don malami ya tsaya a kansa ba shi da sauran aiki, yana cikin kabad an kulle. Wanda ke iya ci gaba da aiki shi ne wanda yaro zai buɗe shi kaɗai, ko da yayarsa 'yar aji huɗu, ya bi hoto ya kai ga kalma.

Wuraren haɗuwa ba su ne suka yi ƙaranci ba. Akwai tarurrukan Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya da aka kafa a 1981, akwai bikin littattafai da fasahar Hausa da aka fara a Kaduna a 2021, ga kuma tarurrukan sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi, har da na Gusau da Maru. Abin da ya rage shi ne, in an zaunar da marubucin yara a gaban malamai, a zaunar da mai zanensa kusa da shi, a kuma yi musu tambayoyin da suka dace da aikinsu. Wa ya fara, rubutu ko zane? Shin mai zanen ya karanta labarin duka, ko jerin umarni aka miƙa masa? Ya taɓa ganin garin da yake zanawa? Da aka zo kan Gizo, wa ya yanke hukunci, kuma sun yi gardama? Amsoshin waɗannan tambayoyi kayan tarke ne, daidai da sanin littattafan da East ya tara wa Imam kafin ya zauna rubuta Magana Jari Ce.

Na zamanin da kuwa, aikinsu ya fi gaggawa. Sai ɗalibi ya je Zariya da Gidan Arewa a Kaduna, ya nemi bugun farko na kowane littafi, ya duba bayan shafin take, ya duba kusurwar kowane hoto ko zai dace da haruffan farkon suna, ya kuma gwama bugu da bugu, domin akan sake zane a bar rubutu. Abin da takarda ba ta faɗa ba sai a bakin tsofaffin ma'aikatan Gaskiya da NNPC, waɗanda suke iya duban hoto su ce wannan hannun wane ne, su kuwa kowace shekara raguwa suke yi.